Allon Yallaɓai a Hancin Injina

Jiya da hantsi rigar aikin maƙwabcina direba ta fito daga injin busar da kayana tana ƙauri, ta tsuke kamar ta ɗan yaye. Ya ɗaga ta ya ce, "Mai wanki, wankewa na ce ko gasawa? In ka ƙara, na bar shagonka." Mutum uku sun riga sun gudu a makon nan, kuma da wankin nan nake ci da iyali.

Injin kyautar Yallaɓai Mai Tausayin Talakawa ce. Ranar miƙa shi, abin da aka kashe a kan rumfa da masu ɗaukar hoto zai sayi irinsa goma, amma wa ya isa ya ce tak? Allah ya ƙara masa tausayi!

Na goge rariyarsa tas, na rage masa kaya, na mayar da shi kan mafi ƙarancin zafi. Ina! Ko taɓa murfin ba ka iyawa. Na garzaya ofishin Yallaɓai, wani mai ƙaton tumbi ya ce, "Malam, kayan Yallaɓai ba ya zafi, ƙarfin aiki ne." Ya ce in dawo in kwamiti ya zauna.

Haushi ya sa na kira mai gyara. Ya bi bututun da ke fitar da iska har inda ya huda bango, ya zagaya waje, sai na ji ya ƙyalƙyale da dariya.

"Maigida, zo ka ga hancin injinka."

Jama'a, allon ƙarfen nan mai ɗauke da sunan Yallaɓai da muƙamansa layi bakwai, wanda mutanensa suka kawo ranar miƙa injin, a kan ramin bututun suka ɗaure shi da kusoshi! Wai ramin yana ɓata hoto. Wata biyu injin yana shaƙar numfashinsa.

Muka kwance allon, injin ya huce, rigar direba ta biyu ta fito lafiya lau. Kafin la'asar mai tumbin nan ya iso yana haki. Ashe sun san hanyar shagona! Ya ce a ajiye allon inda za a riƙa ganinsa kullum, ko su ɗauke injin.

Na yi biyayya. Yana nan kan teburina, a kansa nake ɗora dutsen guga. Karon farko ke nan da Yallaɓai ya ɗauki zafin talaka.