Ummu Hatim Ta Kama Mafi Girma

Idan ana lissafin matan da suka ga duniya a unguwar Shisha, dole a fara da Hajiya Khalida, wadda ake kira Ummu Hatim. Da ita kuma za a ƙare, don ba ta barin kowa ya sa baki a tsakani. Mace ce mai tarin ilimi. Ba a taɓa kawo zance a gabanta ta ce ba ta sani ba. Bara surukinta ya kai ta hutu Bosniya, ta tsaya a bakin kogi tana kallon wani Bature yana wurga zare cikin ruwa, har ya ara mata sandarsa aka ɗauke ta hoto. Daga wannan tsayuwar ta dawo Makka malamar kamun kifi. Matan unguwa suka sa mata Sarkin Ruwa. Da labari ya kai mata, ta ce sun kyauta, amma a gyara a ce Sarauniya.

Zaɓen shugabar ƙungiyar matan unguwa ya matso, kuma kujerar ta shiga ranta. Sai ta kama wata istiraha a hanyar Ta'if, gidan hutu mai gonar dabino da ɗan tafkin da ake kiwon karfasa, ta gayyaci duk mai ƙuri'a ta zo Juma'a da Asabar a koya mata sana'ar manya.

Bayan la'asar ɗin Juma'a ta fito sanye da wandon roba har ƙirji, ta ɗora abaya a kai, kowane taku sai ya yi ƙara kamar ana murza balan-balan. Afnan, 'yar ƙanwarta da ke kiranta Khala, wato inna, na biye da ita da waya tana ɗauka.

"Ya ukhti, 'yan'uwana, ku saurara," in ji Ummu Hatim. "Wannan ba fatsar ƙauye ba ce. A nan ba a sa tsutsa. Ƙuda ake ɗaurawa, ƙudan ƙarya na gashin tsuntsu, ƙugiya a cikinsa. Kifi mai tarbiyya ba ya cin ƙazanta. Haka muke yi a Turai."

Asiya, wadda suka tashi layi ɗaya da ita a unguwar Mansur, ta ce, "Khalida, su karfasan nan an sanar da su?"

Ummu Hatim ba ta ji ba. Kunnenta na da wannan baiwar. Ta ci gaba da bayani kan wuyan hannu, da tsayuwa, da ladabin gaida ruwa, har aka kira magariba, ƙugiya ko ɗaya ba ta jiƙe ba.

Da safiyar Asabar, tana ciki tana gyaran fuska, matan suka ɗauki sandunan suka nufi tafki. Kowacce ta wurga yadda Allah ya ba ta. Zare ya harɗe, aka kwance, aka yi dariya, aka sake. Can sai Haifa, wadda ko wuƙar gyaran kifi tsoro take ba ta, ta ji sandarta na rawa. Ta ƙwalla ihu, ta jawo wata 'yar karfasa kamar tafin hannu. Mata suka rangaɗa guɗa.

Guɗar ce ta fito da malama. Ta dubi kifin, ta dubi Haifa, ta girgiza kai.

"Habibti, wannan bai shiga lissafi ba. Tsayuwarki ba daidai ba ce. Kifin ma kuskure ya yi. Mayar da shi."

Haifa ta mayar, idonta ya ciko. Daga nan fuskokin masu ƙuri'a suka canja, amma Ummu Hatim ba ta lura ba, don ta tafi ɗauko wani kofi mai ruwan zinare daga mota. Ta girke shi a kan kujera, ta ce na wadda ta kama mafi girma ne, ta kuma dube shi irin kallon da uwa ke yi wa ɗanta.

"Yalla, ku ja baya. Afnan, ta ɓangaren dama za ki ɗauke ni."

Wurgin farko ya tafi baya ya kama ganyen dabino. Ta ce iskar Hijaz ba ta da tsari. Na biyu ya fizge mayafin Asiya ya ɗaga shi sama kamar tuta. Ta ce laifin Asiya ne da ta tsaya a inda ba a tsayawa. A na uku ta zage ƙarfinta, idonta na kan waya, tana murmushi. Ƙugiyar ta zagayo ta maƙale a bayan abayarta. Ta ɗaga sanda, ta ji nauyi.

"Allahu Akbar! Na kama! Ƙato ne, wallahi! Afnan, kar ki tsaya!"

Afnan ta ce, "Khala, ai ke ce..."

"Yi shiru! Da irin wannan sai an yi kokawa."

Aka kuwa yi kokawa. Ta ja, abin ya ja ta. Ta juya, ya bi ta. Ta tara duk ilimin Bosniya ta fizga, ƙafarta ta zame, sai ji aka yi tsulum. Ruwan iya cinya ne, amma wandon roba ya sha ya ƙoshi, sai da mata huɗu suka taru kafin a jawo ta gaɓa, tana kiran sunan marigayiya mahaifiyarta, ciyawa a ka.

Afnan kuwa yarinya ce mai biyayya. Ba ta tsaya ba.

Aka naɗe malama da bargo, aka ba ta shayi. Sai Asiya ta ɗauko kofin da hannu biyu, ta ɗan rusuna.

"Mun yi shawara, Khalida. Tun da aka haƙa tafkin nan, ba a taɓa fito da abin da ya kai naki nauyi ba."

Ranar zaɓe Asiya ce ta ci, Ummu Hatim ta samu ƙuri'a ɗaya, nata hannun ne ya jefa. Amma kofi na nan a falonta, ana goge shi kowace safiya. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta nuna mata, ta ce na wadda ta kama mafi girma ne. Har yau ba a sami wadda ta ƙaryata ta ba.