Yadda Ake Zama Mai Kunne Irin na Sirajo

Idan kana so ka kai matsayin da za a kunna waƙa a gidan suna, kowa yana murna kai kana yatsine fuska, to ka gyara zama. Matakan nan bakwai ne, kuma an gwada su. Ƙanena Sirajo, mai gyaran moto, wato babur, a bakin tashar Tasawa, shi ya bi su ɗaya bayan ɗaya, matarsa Furera tana kallo. Allah ya jiƙansa. Ka bi su yadda ya bi, na yi maka alkawari sautinka zai fita tas, kamar geron da aka rege, ba tsakuwa ko ɗaya.

Mataki na ɗaya: Ka raina abin da kowa yake ji

Waƙar da ke cikin salular mutane sunanta em-pe-turwa. Ka riƙe sunan, don da shi za ka riƙa zagi. Ka ce an matse ta ne don ta shiga ƙaramin wuri, kamar yadda ake matse gyaɗa a kwashe man a miƙo maka tunkuza.

Ka fara daga gida. Furera tana wanke-wanke, 'yar salularta a kan turmi, sai Sirajo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maman Ramla, mi ke soyuwa?"

"Ba abin da ke soyuwa. Waƙa ce."

"To ki sauke ta, ta kusa ƙonewa."

"Kunne biyu gare ka, biyu gare ni. Abin da ka ji shi na ji."

Shekara biyu suna haka, kowa yana kan bakansa. Kada wannan ya dame ka. Mai kunne ba ya son a yarda da shi. Ranar da aka yarda da shi, ya zama kowa.

Mataki na biyu: Ka sayi kaya

Kana bukatar 'yar na'ura mai ɗauka da kunnawa, da ekutar mai rufe kunne ruf kamar murfin tukunya, da babban kart memuwar. Waƙar da za ka zuba a ciki ana ce mata filak. Ba a matse ta ba, shi ya sa guda ɗaya take cin wurin goma.

Abokinsa Talle, mai zuba wa mutane waƙoƙi a kasuwa, shi ya kawo masa kayan daga Maraɗi, shekarar da wake ya yi kyau a gonarmu ta Attantane. Furera ta sa rai za a yi wa madafa ƙofa. Madafa ta samu zana.

Sau ɗaya ya ɗora mata ekutar a kai. Ta saurara kaɗan, ta ce zufa yake sa mata a kunne, ta miƙa masa abinsa.

Mataki na uku: Ka ɗauki naka da kanka

Waƙar da wani ya ɗauka, kunnen wani ce. Ka hau moto ran kasuwar Kanan-Bakashe, ka nemi tsoho mai gurmi, ka zauna a gabansa har rana ta juya. Ka ɗauki kukan guga a bakin rijiya. Ka ɗauki luguden mata. Ka ɗauki ruwan fari a kan kwano.

Kafin ka danna, ka ɗaga hannu. Duk gida ya yi tsit. A kori kaji waje, a ba yarinya nono, mai tari ya haɗiye. In matarka ta ce tuwo yana kan wuta, ka nuna mata hannun.

Mataki na huɗu: Ka yanke datti

Nan ake gane gwani. Duk abin da ka ɗauka, a farkonsa akwai muryarka kana cewa "to, bismillah," a ƙarshe kana cewa "madalla." Ka yanke su. In ka yi gyaran murya a tsakiya, ka yanke.

Furera ta taɓa tsayawa a kansa yana yi.

"Baban Ramla, har da bismillar?"

"Allah ya ji ta. Na'ura ba ta bukata."

"To ka bar muryarka ko a guda mana."

"Ni na je ɗaukar gurmi, ba ɗaukar bakanike ba."

Kuma kada ka taɓa aika saƙon murya ta salula, don shi ma matse shi ake yi. Sirajo ya gwammace ya ƙona asansi, man moto, har Mayahi ya faɗi magana biyu ya dawo.

Mataki na biyar: Ka mutu

Wannan ba sai an koya maka ba. Sirajo yana jin moto tun daga nesa ya ce ga abin da ke damunta, kuma a buɗe a tarar haka ne. A kan nasa ƙirjin bai ce komai ba. Da kaka, ana cikin ɗaurin gero, ya faɗi a wurin aiki. Kwana tara ya yi a gidan likita. Suka ce huhu ne, kuma an zo a makare.

Mataki na shida: Ka bar wa dangi aikin gogewa

Babban wanmu Inusa mutumin kirki ne. Ya ji an ce waƙar da mamaci ya bari, duk sanda aka kunna ta, a kansa ake rubutawa. Bai so a ƙara wa ƙanensa kaya ba. Ana saura mako guda sadakar arba'in, ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakin da Furera ke takaba, suka gaisa.

"Maman Ramla, kart ɗin nan na zo karɓa. A goge shi, mamaci ya huta."

"Yaya, a ba ni zuwa Juma'a."

"Mi za ki yi da shi?"

"Muryarsa nake nema. Ramla shekararta biyu. In ta girma ta ce yaya ubanta ke magana, ba ni da abin da zan kunna mata. Ni kaina na fara laluben yadda yake kirana."

Inusa ya dubi ƙasa, ya ce to, Juma'a bayan an sauko.

Furera ba ta taɓa kunna na'urar da kanta ba. Ta yi ta danne-danne har ta gane. Kwana huɗu tana zaune a kan tabarma, ekutar a kan mayafi, daga hantsi har la'asar. In batir ya ƙare a kai maƙwabta a sa a pano mai ɗaukar wuta daga rana. Ta ji gurmi, ta ji guga, ta ji lugude, har ta gane taɓaryarta a ciki. Ta riƙa jiran farkon kowane ɗaya da ƙarshensa. Babu. Mutumin ya iya aikinsa.

Ran Alhamis ta zo kan ruwan fari. Ya kusa awa guda, ruwa ne kawai a kan kwano. Ta kai hannu za ta wuce, sai ta ji wani abu a ƙarƙashin ruwan, yana shiga yana fita. Ta tuna ranar. A bakin ƙofa Sirajo ya tsaya, ya rungume na'urar a ƙirji don kada feshi ya jiƙa ta. Numfashinsa ne. Murya yana iya yanke ta, amma numfashi tun daga farko har ƙarshe yake, in zai yanke shi sai ya yanke ruwan.

Numfashin ta san shi, shekara shida tana kwana kusa da shi. Abin da ba ta sani ba shi ne ɗan siririn fito da ke bin bayan kowane ja. Wata huɗu ke nan kafin ya faɗi. Na'ura ta ji. Shi ma ya ji, tunda ya saurari ruwan nan ya fi a ƙirga.

Mataki na bakwai: Ka ci gardama

Ran Juma'a Inusa ya zo. Furera ta turo masa na'urar ta ƙarƙashin labule. Ya cire hula ya sa ekutar. Ya daɗe.

"Wanga ai ruwa ne."

"Ruwa ne, Yaya."

Ya ƙara saurarawa. "Shi ne?"

"Shi ne."

Ya cire, ya ajiye a hankali, ya tashi ya je ya tsaya wurin awaki, alhali ba abin da ya same su. Da ya dawo ya ce ruwan sama ba kiɗa ba ne, ba wanda za a rubuta wa zunubin ruwa. A bar shi, a goge sauran. Na'ura kuwa kayan gado ce, sayar da ita za a yi, don haka Talle ya juye wa Furera ruwan a salularta.

Ni na kai wa Talle. Ya bar ruwan a kart, ya goge sauran, tsohon mai gurmi ya tafi tare da su. Ya ce salular Furera ba ta ɗaukar filak, sai an matse. Na ce ya matse. Na kawo mata, ta kanga a kunne, ta saurara har ƙarshe. Ruwan ya koma kamar ana suyar ƙosai. Numfashi babu, fito babu.

Ta ajiye salular a kan tabarma ta ce, "Ashe gaskiyarsa ce."

Ranar rabon gado malam ya ce tumuninta, rabon matar mamaci, zai iya zama awakin nan biyu. Ta aiko daga ɗaki cewa na'ura take so, da ekutar. Uwarta Zalika ta shiga ta same ta.

"Ke, akuya haihuwa take yi. Wanga abu mi yake haifa?"

"Ba ya haihuwa, Inna."

"To?"

"To shi nake so."

Aka ba ta. Awaki suka shiga rabon Ramla.

Gargaɗi

Na ce sautinka zai fita tas, ban ce wani abu bayan wannan ba. In madafarka ta kwana ba ƙofa, ba ruwana. In ka ci gardama ranar da ba ka nan balle a gaya maka, kada magadanka su zo gidana. In kuma wani ya karanta wannan ya je ya bar bismillarsa a farkon ɗauka, da muryarsa, yadda take, to shi ya sani. Ba ya cikin matakan, kuma ya ɓata sauti.