Ranar da Fiyano Ya Tona Ni

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Asabar a gidanmu na Kurmin Mashi, shekarar da aka rage ma'aikata aka haɗa da ni. Wana ya ba ni aron fiyanonsa na lantarki, ya ce in ban sami ɗalibai cikin wata guda ba zai karɓe abinsa.

Na buga takardun talla da tafireta, na bi turakun wuta daga Unguwar Shanu har Mando ina mannawa. "Ƙwararren malamin fiyano," in ji takardar. (Ƙwararren nan waƙoƙin coci kawai ya iya, su ma a hankali.) Na gayyaci iyaye su zo su ji da kunnensu.

Mutum bakwai suka zo, har da matan hafsoshi biyu, sun sha ado. Ina ganinsu gabana ya faɗi. To, fiyanon yana da wani maɓalli, in ka danna sai ya kama kiɗa da kansa, kiɗan gwanaye mai sauri. Zuciya ta ce danna. Na faki ido na danna, na shiga wasa da yatsu sama-sama, ina lumshe ido ina kaɗa kai. Wata har tana cewa, "Kai, malamin nan ya iya."

Sai ga Baba Yohanna, aminin marigayi mahaifina, ya shigo da jikarsa. Ni kuwa tun ina yaro ban taɓa gaishe shi a zaune ba. Kafin in yi tunani na miƙe, na durƙusa, na karɓi hannunsa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Baba."

Fiyano bai san da zuwan Baba ba. Ya ci gaba da kiɗansa, babu kowa a kujera.

Kunya ta kama ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Matan hafsoshin suka ɗauki jakunkunansu, ina jin dariyarsu har bakin titi.

Baba ya ce, "Ɗana, tashi ka kashe abin nan. Kaɗa mana wanda ka iya."

Na kaɗa waƙar coci guda, na yi kuskure sau biyu. Da na gama ya ce, "To, wannan nake so ta koya. Yaushe za ta fara?"

Wani ma'aikacin asibiti da bai tafi ba ya ce shi ma a rubuta 'ya'yansa biyu.

Abin da na koya ke nan: in an ba ka tarbiyya a gida, kada ka gwada yaudara, don ita za ta fara tona ka.