Buhun da Zogale Ya Ɗaga

Wani likita na ji a rediyo yana cewa ganyaye irin zogale da rama suna da sinadaran da kan taimaka wa tsokar jiki kada ta zube da tsufa. Ya ƙara wani bayani kan motsa jiki, amma lokacin na riga na fita tsinko ganye.

Damina guda ina cin kwaɗon zogale safe da yamma, har matata ta ce awakinmu sun fara hararata.

Ranar da ake loda masarata a garin Ruwan Godiya, na tuɓe riga, na ture 'yan dako.

Babbansu ya ce, "Baba, buhun nan cike yake dam fa."

Na ce, "Yaro, me ka ci da safe?"

Na sunkuya na ɗaga. Wallahi na ɗaga, har gwiwa, akwai shaidu! Sai ƙuguna ya ce ƙas. Mota ɗaya aka loda mu zuwa Faskari, masara a ƙasa, mai ita a sama.

Har yau in mota ta kafe a laka, sai an aiko gidana: "A taso Baba Zogale."

Ni dai amsata ɗaya ce: har gwiwa fa!