Ranar da Na Kai Kogin Kwara Legas

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren nan ta unguwar Ka'akiyya ba, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shekara shida na yi ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gusau kafin in zo Umra in zauna. Yanzu keken tsofaffi nake turawa a Harami. Abokina Sabi'u ne ya ja ni bikin, saboda uban ango, wani attajirin unguwar Zahir haifaffen nan, yana neman wanda zai riƙa koya wa 'ya'yansa darasi a gida. Muna zama gaban farantin shinkafa da naman rago, Sabi'u ya gabatar da ni a matsayin ustazin labarin ƙasa. Nan take kaina ya kumbura.

Sai wani ɗan'uwan ango ya ce da Larabci wai shi a saninsa Najeriya duk hamada ce, ba ta da teku. Maganar ta ƙona min rai, ga shi kuwa kakan mutumin daga Haɗeja ya zo. Na share gefen farantin, na ja layi biyu da yatsa a cikin maiƙo: ga Kwara, ga Binuwai, sun haɗu a Lokoja. Na gangaro na ce daga nan kogin ya miƙe ya faɗa teku a Legas. (Ni ban taɓa wuce Kaduna ba, kuma babin kudu kullum hutu ne ke cinye shi.)

Wani tsoho mai zuba mana gahawa, cikin jallabiyar da ta sha wanki, ya ce a hankali, "Malam, ba a Legas ba ne."

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Baba, ka ji da butarka. Wannan zancen 'yan boko ne."

Tsohon ya ajiye butar ya durƙusa kusa da ni. Ya ce bayan Anacha kogin rabuwa yake yi: reshe ɗaya ya bi ta Delta, ɗayan, mai suna Nun, ya ratsa Bayelsa ya fita teku a Akassa. Ya ce shekara ashirin ya yi yana kai albasa Nembe da Brass a kwalekwale, lokacin ba titi sai ruwa. Ruwan yakan cika ya janye sau biyu a rana, in ka kuskure lokaci jirginka ya kafe a laka, sauro ya yi ta cin ka. Yana bayani yana zana rassan a kan layina da ƙashin haƙarƙari.

Yana gamawa uban ango ya taso ya sumbaci kan tsohon, yana ba shi haƙuri. Ashe uban amarya ne, da kansa yake yi wa baƙi hidima don girmamawa.

Sabi'u ya san shi sarai, amma ya duƙufa kan nama bai ko zungure ni ba. Wata guda ban yi masa magana ba. Abin da ya fi cin raina shi ne tsohon bai yi fushi ba. Ƙara min gahawa ya yi, ya ce in sha, ustaz. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Zancen aiki kuwa ba wanda ya sake tayar da shi.

Tun daga ranar, in ana musu a wajen biki kan abin da ban gani da idona ba, loma nake ƙarawa. Bakina ya fi hankali in yana cike.