Rasuwar 'Yar Tsanwa ta Lungun Firij

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abin da ya fi baƙin ciki zafi, ɗalibar nan ta ɗakin binciken garkuwar jiki, wadda abokan aiki ke yi wa laƙabi da Uwar Ɓeraye, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar 'Yar Tsanwa. Marigayiyar ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin gwaji, bayan doguwar jinya. Akwai mutum ɗaya da ya san sanadin jinyar tun ranar da ta fara, kuma yana cikin masu karanta wannan sanarwa.

Ga waɗanda ba su yi zamani da ita ba, 'Yar Tsanwa ɗan ruwa ce a cikin kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Tana zaune a lungun hagu na firij, a lulluɓe da takarda mai ƙyalli, domin haske na cutar da ita. Malamai na kiran irinta antibodi, wato sinadarin garkuwa. Aikinta ɗaya ne tak a duniya. In an ɗiga ta a kan jini, sai ta wuce kowa, ta nemi wani furotin, wato wani irin sinadari da ke jikin fararen ƙwayoyin jini, ta maƙale masa, ta haska shi kore shar a ƙarƙashin madubin gwaji mai ƙara girman ƙananan abubuwa. Ba ta taɓa kama wanda ba shi ba. Ba ta ƙarya, ba ta taɓa abin wani, halayen da ba kowa ne ya tara su a wannan ɗakin ba.

Uwar Ɓeraye ce ta karɓi haihuwarta. Shekara biyu tana yi wa ɓeraye allura suna cizonta, tana renon ƙwayoyin halitta a faranti, ɗaruruwa suka fito ba mai amfani, sai zuriya ɗaya da ta haifi marigayiyar. Iyayen nan nata sun rasu gaba ɗaya lokacin da na'urar ɗumama su ta lalace ana hutu. Tun daga nan 'Yar Tsanwa ta zama marainiya, tilo, babu kamfanin da ke sayar da irinta ko da za a juye masa dukiyar jami'a.

Ba mai surutu ba ce. Abin da za a tuna na muryarta shi ne "ƙyas" idan an buɗe murfinta, sai "ɗis" idan ta sauka a kan jini. Wannan "ɗis" ɗin mai makoki, wato Uwar Ɓeraye, take jira ta ji a kan jinin wasu yara marasa lafiya, wanda ta tara a asibiti da izinin iyayensu mata, bayan lallashi da zaman jira a kan benci. A kan jinin nan babin ƙarshe na digirinta ya dogara, kuma da shi ake fatan gane abin da ke kwantar da yaran.

Ciwon ajali ya fara ne da dusashewar haske. Koren da ke ƙyalli ya koma kamar tufar da ta sha wanki. Mai makoki ta zargi madubi, aka kira mai gyara ya kwance shi ya mayar. Ta zargi firij. Daga ƙarshe ta zargi hannunta, ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta ce wataƙila dama aikin ya fi ƙarfin kanta. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai, shi ne kullum tana ɗiba amma ruwan kwalbar bai raguwa. Wayyo baiwar Allah, albarka ta ɗauke shi! Har mahaifiyarta ta gaya wa, tsohuwa ta ce, "To 'yar nan, ki ƙara godiya." Ta kuwa ƙara.

Ranar Talata ta fito da jinin yaran daga firiza, wanda in an narkar da shi ba ya komawa, ta ɗiga marigayiyar, ta leƙa madubi. Duhu dunɗum. Da aka auna gawar sai aka tarar kusan duk abin da ke cikin kwalbar ruwan gishiri ne. Ashe wani ne ke zuwa yana ɗibarta a ɓoye, sannan ya cika gurbin da ruwan gishiri don kada a ga ta ragu. Ba ciwo ne ya kashe 'Yar Tsanwa ba, nutsar da ita aka yi, ɗis bayan ɗis.

Iyalan marigayiyar ba sa zargin kowa. Suna dai tuna cewa babban mai binciken ɗakin, wanda kowa ke kira Yaya Babba, ya nuna wasu hotuna a taron watan jiya, na fararen ƙwayoyin jini suna haskawa kore shar a daidai furotin ɗin da marigayiyar kaɗai ke kamawa. Da Farfesa, shugaban sashen, ya tambaye shi inda ya samo antibodin, sai ya gyara tabarau ya ce wani abokinsa ne ya aiko masa daga waje. Mai makoki tana cikin waɗanda suka tafa masa ranar nan, kuma har yau tafin na yi mata ƙuna a hannu. Da a ce roƙo ya yi, da ta sam masa. Da a ce sata kawai ya yi ya bar kwalbar ta ragu, da ta gani, da ba ta narkar da jinin yaran mutane a banza ba. Wayon da ya yi na rufe sawu shi ne abin da ba za ta yafe ba, duniya da lahira.

Marigayiyar ta rasu ta bar uwar riƙonta da digiri babu babin ƙarshe, da ɓeraye sababbi waɗanda ba su san abin da ke jiransu ba, da madubin da aka yi wa ƙazafi, da kakarta, mahaifiyar mai makoki, wadda tuni ta ɗinka kayan ranar yaye ɗalibai ta ajiye a akwati. Ta kuma bar iyayen yara, waɗanda duk aka haɗu da su a ƙofar asibiti sai sun tambaya ko an gano wani abu.

Ana godiya ga duk waɗanda suka yi ta'aziyya, musamman Yaya Babba, wanda ya riga kowa zuwa, ya dafa teburi ya ce, "Ƙanwata, sai haƙuri, haka kayan nan suke, kwanansu ke ƙarewa." An karɓi gaisuwarsa, an kuma adana ta.

Za a yi jana'iza ranar Litinin a ɗakin taro, a zaman mako-mako da Farfesa ke jagoranta. An keɓe wa Yaya Babba kujerar gaba. Da yake iyalan ba su da hoton marigayiyar tana cikin ƙoshin lafiya a watannin ƙarshe, za a haska nasa hotunan a bango, da sunansa a ƙasa kamar yadda ya rubuta, kusa da sakamakon awon gawa. Sannan za a roƙe shi ya miƙe ya faɗa wa jama'a sunan abokin nan nasa na waje, ya kira shi a waya a gaban Farfesa, domin a yi masa ta'aziyya shi ma. Daga nan shi zai ɗauki gawar da hannunsa, tare da kwalaben jinin yaran, ya ƙirga su a bayyane, ya kai su kwandon sharar da ake ƙonawa a ƙarshen baranda.

Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya zo da ruwa. Marigayiyar ta sha isasshe.