Ƙuri'a Ɗaya, Alƙawari Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba da kakar shekarar da na fara jefa ƙuri'a a Amurka, domin a cikinta ne Allah ya nuna mini cewa mutum yana iya shafe shekara arba'in yana karantar da babin cika alƙawari, sannan ya faɗi jarrabawar babin a bainar jama'a, a cikin zauren coci, da lasifika a hannunsa.

A lokacin shekaruna sittin da uku. Na baro Zariya na zauna kusa da 'ya'yana a gabashin Greensboro, kuma ban jima da karɓar takardar zama ɗan ƙasa ba. Aikina bai wuce jan sallah da karatun da nake yi wa manya ranar Lahadi ba. Jama'armu, 'yan Nijar da 'yan Najeriya, suna da damuwa guda: idan Sallah ta faɗo a tsakiyar mako, yaran da suka je idi sai a rubuta musu fashi a makaranta, wani ma jarrabawa ta wuce shi. Da zaɓen wakilin yankinmu a hukumar makarantu ya matso, aka zauna bayan sallar Juma'a aka yanke cewa ni ne zan kai kukan ga 'yan takara. Hujjar da suka bayar ita ce wai Malam magana ɗaya gare shi. (Na ji daɗin wannan shaida fiye da yadda ya kamata mai tsoron Allah ya ji.)

'Yan takarar biyu ne. Ta farko wata dattijuwa ce baƙar fata, tsohuwar malamar firamare, wadda muke kira Malama. Wata Asabar da hantsi na ji ana buga ƙofa, na buɗe, sai ga ta ita kaɗai da sandarta da jakar takardu. Ni da na saba ganin ɗan siyasa ya aiko a ce yana tafe, sannan ya iso da ayari, wannan ya ba ni mamaki. Ta dafa ƙirji ta gaishe ni, ba ta miƙo hannu ba. Ta sha shayi, ta saurari batun yaran har ƙarshe tana rubutawa, ta ce ba za ta yi alƙawarin sakamako ba, amma za ta tsaya a kan maganar. Daga nan ta roƙi abu uku: ƙuri'ata, da izinin ambaton sunana, da izinin kafa allon tallan takararta a kan ciyawar gidana. Na amsa mata duka ukun, kuma Allah ya sani har zuciyata na amsa.

Bayan kwana goma na biyun ya zo, ana tafka ruwan sama. Dogon mutum ne, tsohon soja, mai garejin gyaran mota a hanyar McLeansville, kuma dattijo a cocinsu. Soja muke ce masa. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an gaya masa ba. Aka yi dace Hajiya, uwargidana, ta sauke tuwon shinkafa da miyar kuka. Na yi masa tayi irin na al'ada, ina zaton zai ce ya ƙoshi. Bawan Allah ya wanke hannu, ya ture cokali gefe, ya zauna a ƙasa ya ci, yaji yana sa shi gumi da hawaye, ya kuma nemi ƙari. Ya ji batun yaran, ya ce idan ya ci zaɓe, a zaman farko zai tayar da shi. Sannan ya goge baki, ya dube ni, ya roƙi abubuwa ukun nan da Malama ta roƙa.

A nan ne Shaiɗan ya shigo mini ta ƙofar kunya. An raine mu a kan cewa baƙonka annabinka, kuma wanda ya jiƙe da ruwa ya zo ya ci tuwonka ba a sallamarsa da "a'a". Na buɗe baki da niyyar in ce an riga shi, sai na ji harshena ya ce to. Har musabaha muka yi a kai.

Da ya fita, Hajiya tana kwashe kwanuka ba ta ko dube ni ba ta ce, "Malam, a takardar zama ɗan ƙasan nan da suka ba ka, ƙuri'a nawa aka rubuta maka?"

Na ce mata mas'alar tana da faɗi, ba a yanke mata hukunci a tsaye. Kuma bilhaƙƙi na zauna na yi ta jujjuya ta. Na ce wataƙila ɗayansu ya janye kafin ranar. Na ce wataƙila alƙawarin da aka yi saboda nauyin baƙo yana shiga babin wanda aka tilasta. Na ce ai zan iya ba ɗaya ƙuri'a, ɗaya kuma addu'a. (Wanda ya yi karatu, idan ya so ya yaudari kansa, ya fi kowa kayan aiki.) Da yake gidanmu a kusurwar titi biyu yake, sai na kafa allon Malama ta gaba, na Soja ta gefe, na ɗauka na warware matsala.

Alhaji Mamman, wani abokina ɗan Maraɗi mai tuƙa tasi, shi ne ya fara gano ni, domin sana'arsa zagaye ce. Ya shigo yana murmushi ya ce, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Malam, na biyo ta gaba na ga kana tare da Malama, na zagayo ta gefe na ga kana tare da Soja. Mu mabiya ta wace ƙofa za mu shigo?" Na ce masa ya bar abin da bai karanta ba. Ya ce shi kam bai yi karatu ba, amma bai taɓa ɗaukar fasinja biyu masu zuwa gabas da yamma a tafiya ɗaya ba.

Ana saura mako biyu zaɓe aka shirya taron jin ta bakin 'yan takara a zauren wata coci, ranar Asabar bayan azahar. Na sa babbar riga, na naɗa rawani, na zauna a sahun gaba, jama'armu suna bayana. Faston cocin ne ke raba magana. Aka yi batun motocin makaranta da na abincin yara, ina gyaɗa kai kamar alƙali. Can wata mata ta miƙe ta tambayi 'yan takarar: ta yaya za a san cewa za su riƙe maganarsu bayan an zaɓe su?

Malama ce ta fara. Ta yi magana mai kyau a kan cewa mutunci ba gadon addini ɗaya ba ne, kuma ana gane mutum ta wurin waɗanda suka yarda su tsaya masa. Ta ce a cikin zauren nan akwai wani dattijo Musulmi da jama'arsa suka shaide shi da magana ɗaya, kuma ya ba ta kalmarsa. Ta kira sunana, ta roƙi in miƙe. Na miƙe. Aka yi tafi, har na ɗaga hannu ina amsawa. Ina cikin zama idona ya faɗa kan Soja, na ga ya ƙura wa takardar hannunsa ido, ya ɗago ya dube ni, ya sake duban takardar. A nan na ji rawanin ya yi mini nauyi.

Da aka ba shi dama ya miƙe a hankali ya ce, "Ni ma na zo da mai shaida, mutum mai magana ɗaya, wanda ya ba ni kalmarsa a kan abincin gidansa. Da na roƙe shi ya miƙe, to amma ina tausayin gwiwoyinsa, yanzun nan ya zauna."

Dariya ta ɓarke a zauren tun daga sahun baya. Ban waiwaya ba, amma na san jama'armu ba sa cikin masu dariyar. Su ne suka aiko ni, sunansu ne a bakina, kuma idan aka tashi a haka, duk ɗan takarar da ya ci zai ce kalmar mutanen nan ba abin riƙewa ba ce, kukan yaran kuma ya bi ruwa. Fasto ya sauko da kansa ya miƙo mini lasifika, ya ce wataƙila ina da abin cewa.

Duk tawilin da na tara ya jeru a kaina, na duba, babu ko ɗaya da zai iya fita gaban mutane. Sai na faɗi abin da ya faru da Turancina na littafi. Na ce ƙuri'a ɗaya gare ni, na yi alƙawarinta sau biyu: na farko domin na gamsu, na biyu domin na ji kunyar hana baƙo. Na ce addinina bai koya mini haka ba, hasali ma ya lissafa saɓa alƙawari cikin alamomin da ake gudu. Na roƙi a ɗora laifin a kaina ni kaɗai, kada a ɗora shi a kan yaran da aka aiko ni dominsu.

Soja ya karɓi magana ya ce, "Ta riga ni zuwa, ƙuri'ar tata ce, na yafe. Amma abincin da na ci ba zan mayar ba." Aka sake dariya, wannan karon har da mutanenmu. Fasto ya tambaya wane batun yara nake nufi, na yi bayani, ya sa kowane ɗan takara ya amsa a gaban jama'a. Abin da na yi ta bi a ɗaka, sai ga shi an yi shi a fili.

A bakin ƙofa Malama ta tsayar da ni. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce kullum sai an ce mata a'a a ƙofar gida, ba ta mutu ba, kuma wanda ya ce mata a'a ya mutunta ta, domin ya bar ta ta san inda take tsaye. A mota, da muka tsaya a wata danja, Alhaji Mamman ya tambaya cikin ladabi ko gobe Lahadi za a ci gaba da babin alƙawari ne, ko za a tsallake zuwa na gaba. Ban tsallake ba. Na karantar da shi, na kafa misali da kaina, kuma ban taɓa ganin karatun ya cika kamar ranar ba.

Ranar zaɓe na shiga inda babu mai ganina sai Allah, na ba Malama ƙuri'ata. Soja ne ya ci. A zaman farko ya tayar da batun yaran kamar yadda ya faɗa, ya bi shi har aka yarda cewa takarda daga iyaye ta isa uzuri ranar idi, ya kuma bugo waya da kansa ya sanar da ni, ni da ya san ban zaɓe shi ba.

Abin da na koya, bayan furfura ta gama cin gemu, shi ne cewa kunya ba ta zama uzuri ga ƙarya, ko da ƙaryar ta sa rigar karamci. Yanzu idan mai neman ƙuri'a ya buga ƙofa, ina shigo da shi, in ba shi wurin zama mafi kyau, in saurare shi, in raka shi har bakin titi da addu'a. Idan ba shi zan zaɓa ba, ina gaya masa tun kafin a kawo abinci.